Wasiƙa daga Maradi: kafin ku ce bafil ya mutu, ku duba ja da baƙi

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki, ya jama'ar ofis, ya kuma haƙuri da zafin ga na bana.

Ni mai gyaran rediyo ne da ampli da tele a nan Maradi, shagona na wajen Sabon Gari, shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da turnabis da ƙarfen dalma, kuma ban taɓa rubuto ma jarida ba sai yau, don haka in rubutun ya karkace a yi min afuwa, hannun da dalma ya saba ba da biro ba. Abin da ya sa na ɗauki salula na zauna ina ta latsawa, wani abu ne da ke ta maimaituwa a shagona har ya fara ba ni haushi. Mutane na zubar da kuɗɗinsu kan kayan sauti na gida, wanda mu nan muke ce ma sono, su sake bafil, wato akwatin lasifika, su sake ampli, wato na'urar da ke ƙara ma sauti ƙarfi ta tura ma bafil, su sayo waya mai tsada, alhali sau da yawa ciwon ba na kuɗɗi ba ne, bakin waya biyu ne kawai anka juya.

Bari in ba ka labarin da ya tunzura ni. Bayan ƙaramar salla wani Alhaji na unguwar Ali Dan Sofo, ɗan kasuwa mai shiga Kano yana fitowa, ya aiko direbanshi ya ɗauke ni. Na shiga falo na iske kaya na gani na faɗa, ampli mai nauyi wanda sai ka sa hannu biyu, na hannu ne amma na ƙwarai, da bafil biyu dogaye sun kusa kai min ƙirji. Ya ce min malam, kayan ga da anka kunna min su a shagon da na saye har cikin cikina nike jin ganga, na kawo gida sun koma kamar rediyon mai shayi. Kafin a kira ni har wani yaro ya ce mishi ai wayar ce ba ta da kyau, ya aika anka sayo mishi wata mai kaurin yatsa, an saƙa mata riga kamar igiyar doki, kawunanta ruwan zinare, har da ƴar kibiya a jiki wai tana nuna inda sauti zai bi, jikka arba'in ya ce min ya biya. An sa, babu abin da ya sake. Yanzu shawarar da ya yanke a mai da bafil ɗin Kano a yi rigima da mai shago.

Ban taɓa komi ba tukuna. Na ce a sa min karatu ko tafsiri, wani abu mai muryar mutum ɗaya, na ja kujera na zauna tsakiya daidai tsakanin bafil biyun. Muryar malamin da ya kamata in ji ta tsaye gabana kamar yana zaune kan buzu tsakiyar falo, sai na ji ta watse, rabi can rabi nan, kamar tana fitowa ta bayan kunnena, har kai ya ɗan yi nauyi kamar mai mura. Na ce a sa kiɗi. Na tashi na murɗa balans, maɓallin da ke raba sauti tsakanin dama da hagu, gaba ɗaya zuwa hagu, bafil ɗaya kaɗai ke aiki, sai ga bas, wato sautin nan mai kauri, ya dawo dum dum. Na mai da shi tsakiya, bafil biyu na aiki, bas ya ɓace. To Malam Edita ka ji abin mamaki, bafil biyu sun kasa abin da guda ke yi. Na kashe ampli, na leƙa baya da tocila, na dama lahiya lau, ja ga ja baƙi ga baƙi, na hagu kuwa ja na ampli ya tahi baƙi na bafil. Kuma yaron da ya sa sabuwar wayar ya bi yadda ya iske tsohuwar ne sak, ya kwafi kuskuren da kuɗɗi jikka arba'in. Na kwance na juya, ko minti biyu ba a yi ba. Da anka kunna, kofin shayin da ke kan tebur sai da ya fara rawa, Alhaji ya miƙe tsaye yana cewa me ka sa mishi, me ka sa mishi. Na ce Alhaji wallahi ban sa komi ba, har ya ɗan ji haushi don ya so a ce wani ƙarfe ne ya ƙone.

Ga yadda abin yake, kuma ba sai ka yi lekwal mai zurfi ba. In ka cire ragar gaban bafil za ka ga wata takarda zagayayya kamar faifai, bayanta akwai bobin, zaren jan ƙarfe da anka naɗe, yana zaune cikin mayen ƙarfe. Kuran ɗin, wato wutar lantarkin, da ampli ke turowa shi ke sa bobin ya yi gaba ya yi baya, ya ja takardar, takardar ta tura iska, iskar ta daki kunnenka. Irin wanga bafil tun 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Rice da Kellogg, sunka fito da tsarinshi, kuma har yau wanda ke cikin salularka da wanda ke ɗakin amarya duk jikokinshi ne. To baki biyun da ke bayan akwatin, ja mai alamar + da baƙi mai alamar −, mu nan mu ce pilis da muwan, ƴan uwanmu na ƙetaren Jibiya su ce fozitib da negetib, su ne ke faɗa ma takardar ina za ta fara nufa, gaba ko baya. In duka bafil biyun an ɗaura su iri ɗaya, tare suke turowa tare suke ja. In an juya guda, lokacin da na dama ke turo iska na hagu na janye ta. Kamar mota ce ta kafe cikin yashi da damina, ka samu majiya ƙarfi biyu, ɗaya na turawa ta baya ɗaya na turawa ta gaba, kowa na zufa, mota na nan inda take.

Wani zai ce to don me bas kaɗai ke mutuwa, murya da siririn sauti suna nan? Dalili tsawon igiyar sautin ne. Sauti na tahiya cikin iska wajen mita 340 a sakan guda. Sauti mai kauri irin na babbar ganga ko tambari, a ce mai kaɗawa sau 50 a sakan, tsawon igiyarshi guda ya kusa mita 7, ya fi faɗin falon da yawanmu, mai kaɗawa sau 100 kuwa mita 3 da ɗan wani abu. To bafil biyu da ke tsakaninsu mita biyu, a wurin irin wanga doguwar igiya kamar wuri guda suke, shi ya sa abin da wanga ya turo wancan ya shanye kusan duka. Amma siririn sauti mai kaɗawa sau 10,000 a sakan tsawonshi bai kai santimita 4 ba, ka gusa kanka kaɗan lissafin ya sake, wani wuri su kashe juna wani wuri su ƙaru, shi ne kake jin abin na yawo ba ya tsayawa wuri guda. Masu ƙera irin abin kunnen nan mai tsada da ke kashe ƙarar jirgi ko ta janareto, da gangan suke wanga dabara, su saurari ƙarar su fito da kishiyarta. Mu kuma muna yin ta a falo bisa kuskure, muna kashe kiɗin da munka saya da kuɗɗinmu.

Ita kuwa muryar da ke tsayawa tsakiya, can ma ba bafil a tsakiyar, kunnuwanka biyu ne ke haɗa ta in sauti iri ɗaya ya iso musu lokaci guda daga dama da hagu. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar wanga fasaha ta sitiriyo a 1931. Juya waya guda na rushe mishi aikin nan take.

Gwajin da nike koya ma yaran shagona ranar farko, na pil ne. Ka cire wayar daga ampli, wanga wajibi ne, kada ka yi shi tana jone. Ka samu pil ƙarami na tocila ko na rimot mai bolt 1.5, ka ɗora bakin waya guda a gindin pil, ɗayan ka ɗan taɓa kan pil ɗin ka ɗauke, taɓawa kawai ba dannewa ba, idonka na kan babbar takardar. Za ka ji ɗan ƙwas. In takardar ta yo waje, wayar da ke kan pil ita ce +, sai ka ɗaura mata ƙulli ko ka naɗa mata sikoc. In ta shige ciki, ɗayar ce. Ka yi ma ɗaya bafil ɗin haka, shi ke nan ka gama, ko da wayar duk launi guda ce ko ta bi cikin bango ba ka ganin tsakiyarta. Amma kada a gwada shi kai tsaye kan ƙaramin bafil ɗin sama, tuwita, bobin ɗinshi siriri ne kamar gashi, kuma don Allah kada wani ya ce bari ya ɗauko batirin babur ko na panno mai aiki da hasken rana don abin ya fi fitowa, na ga wanda ya yi, hayaƙi ya gani. Wanda bai son cire raga ya juyo bafil biyun su fuskanci juna, tsakaninsu kamar tafin hannu, ya sa kiɗi mai bas, ya saurara, ya kashe ampli ya juya wayar guda ɗaya ya sake saurare. Inda bas ya cika nan ne daidai, kuma bambancin ba na sai ka kasa kunne ba ne, kurma ma zai ji a ƙirjinshi.

Yawancin wayar bafil ma ai an yi mata alama, mutane ne ba su dubawa. Wata ja da baƙi, wata ɓangare guda na da farin zare a jiki ko rubutu, wata in ka shafa da yatsa za ka ji gefe guda na da ɗan tudu-tudu, mai garai-garai ɗin nan kuma zaren guda ja guda fari. Ba ruwan kuran da wane ka zaɓa ya zama +, abin da ake so wanda ya fito daga ja na ampli ya sauka ja na bafil, dama da hagu duka.

Akwai ruɗanin da ke kama mutane da yawa kuma ban ga laifinsu ba. Wayar nan mai kawuna ja da fari da ke fitowa daga tele ko dikoda zuwa ampli, ita janta ba + ba ne, ja dama ne fari hagu, kowane kai na ɗauke da nashi biyun a ciki. In ka juya su bas ba ya mutuwa, sai dai kana kallon ƙwallo ɗan wasa ya ruga dama ƙarar ta bi hagu. Mutum ya saba da waccan yana juyawa yana ganin ba abin da ya faru, sai ya ɗauka ta bafil ma haka take. Sannan in mutum ya juya duka bafil biyun, ja ga baƙi nan ja ga baƙi can, sun koma tare ke nan, bas na nan, kuma ni dai kunnena bai taɓa rarrabe wanga da na daidai ba cikin kiɗin da muke ji, ko da yake ina gyarawa in na gani don wanda zai zo bayana kada ya ruɗe. Juyin ba ya ƙona komi, shi ya sa yake shekara a gida ba a gane ba.

Mu masu gyara ma muna da namu laifin, gara in faɗa da bakina. Bafil ya ƙone a kawo a sake naɗa bobin, yaro ya naɗa ya liƙa ya mai da, bai gwada da pil ba, ya juya wayoyin cikin akwatin. Daga waje ja ga ja, ciki kuwa kishiya. Mai kaya ya duba baya ya ga komi daidai ya ce to ampli ne. Na taɓa yin wanga kuskure ina yaro, maigidana Allah ya jiƙanshi bai ce min komi ba, pil kawai ya aje min kan tebur ya fita salla.

To sai maganar ita wayar kanta, a nan ne nike da faɗa da ɓangare biyu, masu cewa kowace waya waya ce da masu cewa sai ta jikka arba'in.

Waya na da tasiri, amma tasirinta lissafi ne ba asiri ba. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a Jiratawa ya san in ka ja siririn tiyo mai tsawo daga moto zuwa ƙarshen fangali, ruwan da ke isa ba shi ne ya fito ba. Waya ma haka, tana da nata taurin kai da take ma kuran, ana auna shi da om, sunan wani Bajamushe Georg Ohm da ya fitar da ƙa'idar a 1827. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1, kowace mita na cin wajen om 0.0175. Kuma kuran zuwa yake ya dawo, don haka bafil da ke nesan mita 10 wayar mita 20 ce a lissafi. In ka sa siririyar nan mai 0.5 ka samu om 0.7. Mai 1.5 om 0.23. Mai 2.5 irin wadda elektirisiyan ke ja ma priz, om 0.14. Bafil kuwa in ka duba bayanshi za ka ga an rubuta om 8 ko 6 ko 4. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada wayar ta wuce kashi 5 cikin 100 na bafil, ke nan 0.4 ga mai om 8, 0.2 ga mai om 4. To ka ɗauki mai om 4 ka ja mishi siririyar nan mita 10, wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da ampli ke fitarwa cikin waya yake ƙarewa, ɗumama ta kawai yake. Kuma ba raguwar ƙara kaɗai ba, shi om ɗin bafil ba tsaye yake wuri guda ba, yana hawa yana sauka gwargwadon kaurin sautin, sai siririyar waya ta rage wani wuri fiye da wani, launin sautin ya sake, sannan ampli ya rasa riƙon da yake ma takardar, bas ya zama sako-sako kamar gangar da ta kwana cikin raɓa.

Amma fa in bafil ɗinka na nan kusa, mita biyu daga ampli kamar yadda yake a yawancin ɗakunanmu, ko mai 0.75 ba ta kai om 0.1 ba, ta wadatar, kada kowa ya tsorata ka. Ni abin da nike ce ma mutane, cikin ɗaki 1.5, in za a ja zuwa tsakar gida ko zaure ko bafil mai om 4 ne a sa 2.5, kuma kada a bar ragowar mita goma naɗe bayan kabad don ana jin tausayin yankewa.

Inda gizo ke saƙa, kuma nan nike so jaridarku ta sa baki, wayar da ke cika kasuwa yanzu da yawanta ba jan ƙarfe ba ce. Alminiyon ne anka shafa ma jan ƙarfe a bisa kamar yadda ake shafa ma ɗan kunne ruwan zinare. Alminiyon kuwa wajen kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake iya wucewa da shi, ga shi da saurin karyewa wurin ɗauri, ga shi dalma ba ta son kama shi in shafen ya goge. Sannan a rubuta 1.5 a jikin roba, ka fere ka iske zaren ciki ko rabin haka bai kai ba, robar ce anka yi mai kauri don ido. In ka haɗa biyun, wadda ka saya da sunan 1.5 ta koma ta fi siririyar 0.5 ta gaske muni ko su yi kunnen doki. Ni kaina an yi min, na sayi nadi guda wurin wani mai shago da na daɗe ina ciniki da shi, ba zan faɗi ko wane ne ba don na san shi ma haka anka sayar mishi, sai da na zo dalma na ga abin na gudu. Gane ta ba wuya. Ka fere baki ka kankare zaren da wuƙa ko reza, in fari ya fito ciki alminiyon ne. Ko ka kunna mata birike, jan ƙarfe na gaske zai yi ja ya yi baƙi yana nan a miƙe, na shafe kuwa nan take zai lanƙwashe ya zube kamar gashin masara. Ka ɗaga nadin ma ka ji, na gaske na da nauyi, don jan ƙarfe ya ninka alminiyon nauyi sau uku da ɗan kai. Akwai ma wadda baƙin ƙarfe ne ciki, ita mayen ƙarfe na tsohon bafil na kama ta caraf. Ban ce haramun ne a sayar da ta alminiyon ba, mai ƙaramin ƙarfi ya saya ya ƙara kauri ta yi mishi aiki, amma a faɗa mishi abin da yake saye.

Abin da ke kashe ampli kuwa, wanda ke kawo min ciniki amma ba na murna da shi, ba juyin ja da baƙi ba ne, gashin waya ne. Mutum ya fere da haƙori, bai murɗe zaren ba, ya tura, sili ɗaya ya leƙa ya taɓa maƙwabcinshi, a ƙara bolim, tas, tiranzisto sun tahi. A murɗe zaren tsaf, a fere daidai abin da zai shiga rami, a ɗaure tam, kuma a kashe ampli kafin a taɓa baya. Na biyu masu jera bafil kamar tumaki a baki guda, biki ya zo a aro na maƙwabta a haɗa. Mai om 8 biyu in ka haɗa su kai da kai sun koma 4, mai 4 biyu sun koma 2, ampli na gida da yawansu ba su ɗaukar haka, balle cikin watan Afrilu da ɗaki ke wuce digiri 40 ga ƙurar hunturun da ta wuce ta toshe mishi ramukan shan iska ga kuma uwargida ta lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. Na uku, wanda ya yi yawa tun da panno ya shigo, mutane na aiki da rediyon mota ko ƴan ƙananan ampli ɗin nan na Sin masu bolt 12, sai mutum ya ce bari ya yi tattalin waya ya haɗe baƙi na dama da baƙi na hagu ya ja guda. A irin waɗanga da yawansu baƙin ma kuran gare shi kamar jan, kana haɗewa ka kashe shi. Kowane bafil da wayarshi biyu.

Haɗi ma abin dubawa ne. Waya ta gaza a ƙara mata wata, a murɗa da hannu a naɗe da leda, shekara ta zagayo damina ta sa mata tsatsa kore, ɓera ya ɗanɗana, sai ka ji bafil guda na ɗaukewa yana dawowa ana ta dukan ampli a banza. In dole sai an ƙara a sa dalma ko domino, ɗan abin haɗa waya mai sukuru. Shi kuwa gurnanin nan huuum da ake ji ko ba a sa komi ba, sau da yawa ba daga wayar bafil yake ba, kuran ɗinmu mai bolt 220 sau 50 yake kaɗawa a sakan, shi ne ke shiga ta siririyar wayar ja da fari in ta kwanta jikin wayar wuta ko rigar cikinta ta tsinke. A raba su, in dole su haɗu su gitta juna kada su jera.

Wani limamin unguwa ya taɓa tambayata, to ya anka yi masallacin Juma'a ke jan siririyar waya mita ɗari zuwa lasifikar hasumiya kuma kiran salla na kaiwa har gulbi? Wancan tsari daban ne, in an yi shi yadda ya kamata ampli na fitar da layin bolt 100, kowace lasifika na da ɗan taransifoma nata, kuran ɗin da ke bin wayar kaɗan ne shi ya sa siririya ke isa. Ba a kwatanta shi da na falo. Amma ko can in lasifika biyu na kallon wuri guda anka juya ɗaya, muryar liman na zama siririya, na gyara irin haka ba sau ɗaya ba.

Sai masu tsadar. Wanga kasuwa ta wayar bafil ta alfarma Turawa sunka buɗe ta, kamfanin Monster Cable na Amurka da ya fara a 1979 na cikin na farko-farko, yau kuma akwai waɗanda kuɗɗinsu zai sai ma mutum babur har da canji. Ba na ce ba su da kyau ba, ta Alhaji jan ƙarfe ce ta gaske mai kauri, za ta yi shekaru. Amma a san me ake biya. Ruwan zinaren kai amfaninshi ba ya tsatsa, shi ke nan, zinare ma bai kai jan ƙarfe wucewa da kuran ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe da wajen kashi 5 ko 6 cikin 100 kacal, abin da ƙara ɗan kauri zai ba ka. Jan ƙarfen da ake cewa an tace an cire mishi iska, bambancinshi da na elektirisiyan wajen wucewar kuran bai taka kara ya karya ba. Kibiyar kuwa ita ta fi ba ni dariya, don kuran ɗin sauti gaba yake ya dawo baya, sau ɗaruruwa sau dubbai cikin sakan guda, to ina kibiya za ta nuna mishi? Na sha yi ma abokai gwaji a shago, in sa su juya baya yaro na sauya waya tsakanin mai tsada da 2.5 ta gini mai tsawo ɗaya, su yi ta canka suna faɗuwa, wanda ya rantse ya ji bambanci sai a iske ba a ma sauya ba. In mutum na gani da idonshi kuwa nan take zai ce mai tsadar ta fi zaƙi, don ya san abin da ya biya. Haka lambobin da ake mannawa jikin kwali, wat 5000 a akwatin da yaro ke ɗauka da hannu guda, a nemi inda anka rubuta RMS, wato ƙarfin da kayan ke iya riƙewa ba tsayawa, shi ne na gaskiya, sau da yawa za a iske bai kai 50 ba.

Roƙona Malam Edita, ku turo ɗan rahotonku babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a da birike da reza cikin aljihu, ya sayi mita ɗaya-ɗaya wurin masu waya biyar ko shida ya gwada gaban idonsu, ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya kama sunan kowa ba, don wanga waya ba bafil kaɗai ake ja da ita ba, har wutar gida da ta panno ana ja, can kuwa ba bas ke ɓacewa ba, gobara ce. In ya iso ya biyo ta Sabon Gari ya tambayi mai gyaran ampli, akwai shayi.

Shi kuwa Alhaji, da zan tahi ya ce nawa ne, na ce ya ba da abin da ya sawwaƙa tun da ban sa ko dalma ba. Ya ba ni jikka biyu, ya kuma ce in kwashe tsohuwar wayar da anka cire tun da ba ta da kyau. Na kawo ta shago na kankare, jan ƙarfe ce tsantsa mai 2.5, ita ke jone da bafil ɗin da nike gwajin kayan mutane da shi yanzu haka.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran rediyo da ampli,
Sabon Gari, Maradi.